Lambobin sirri: Cin gwajin kwamfuta bai isa shaida ba

Duk ma'aikacin da ya taɓa tura kuɗi ta waya ya san lambobin nan da banki ke aiko masa. Tsaron kuɗinsa ya rataya ne a kan kada wani ya iya hasashen lambar da za ta zo. Sai dai kwamfuta ba ta san jefa ƙuri'a ba. Lissafi take yi ta fitar da lambobi masu kama da marasa tsari. To, yaya ake gane ko akwai ɓoyayyen tsari a cikinsu?

Hukumar NIST ta Amurka ta tanadi gwaje-gwaje 15 a kundinta mai lamba SP 800-22, wanda aka sabunta a 2010, kuma kowanne da nauyinsa. Mafi sauƙi yana ƙirga sifili da ɗaya ne a cikin jerin, ya ga ko sun kusa daidaita. Idan jerin ya ninka, aikin ma ninki ɗaya yake yi. Wani kuma, mai amfani da dabarar Berlekamp-Massey, yana yanka jerin gunduwa-gunduwa, yana laluben ƙa'ida mafi gajarta da za ta sake haifar da kowace gunduwa. A nan, idan tsawon gunduwa ya ninka, aikin da ke kanta ya zama ninki huɗu.

Cikakken gwaji kuwa babu shi. A shekarun 1960 masanin lissafi ɗan Rasha, Andrey Kolmogorov, ya bayyana jeri marar tsari da cewa shi ne wanda ba ya taƙaituwa, kuma an tabbatar babu manhajar da za ta iya auna hakan ga kowane jeri. Kowane gwaji irin tsarin da aka koya masa kaɗai yake gani.

A watan Mayun 2008 aka gano cewa wani gyara da aka yi wa manhajar OpenSSL a tsarin Debian tun 2006 ya gurgunta tushen da ake ɗibar lambobin. A ido ba su da aibi, amma makullan sirrin da za su iya fitowa na kowane nau'i ba su wuce kimanin 32,000 ba, adadin da ɓarawo zai iya jarrabawa ɗaya bayan ɗaya. Dole aka sauya makullai a sassan duniya.

Don haka jami'in da aka miƙa wa takardar cewa manhaja ta ci gwaji, akwai sauran tambaya a gabansa: daga ina take samo tushen lambobinta, kuma wa ya bincika shi?