Dajin da ke kwance a ƙarƙashin gonakin Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi a tsakiyar watan Agusta, dole ya yi wa Allah godiya. Masara da dawa da waken suya da auduga ne hagu da dama, iyakar ganin mutum. Amma in ya sake bin hanyar a watan Maris, bayan an kwashe amfanin gona an kuma kwashe karan, zai ga abin da ganyen damina ke rufewa: fili fetal, iska na yawo da ƙasar noma, sai ɗaiɗaikun ɗorawa da kaɗanya da kuka can nesa da juna. In ya ƙara lura zai ga kusan dukkan itatuwan nan tsofaffi ne. Kakanni ne suka bar mana su, kuma babu ƙananan da za su gaje su. Garin da babu yara a cikinsa kuwa, komai yawan dattawansa, ya kama hanyar zama kufai.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Tun zamanin Turawa aka mai da wannan yanki cibiyar auduga, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, garmar shanu ta bazu. Garma kuwa ba ta shiri da kututture. A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, kuma yana daga cikin abin da ya mai da kudancin Katsina rumbun masara. Wannan alheri ne da babu mai musunsa. Sai dai tare da shi wata fahimta ta zauna a zukatanmu, cewa manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas kamar tafin hannu. Daga baya maganin feshi ya zo ya ƙarasa abin da gatari ya bari, masu gawayi suka bi kirya da marke, yawan jama'a kuma ya cinye saura da burtali da hurumi.

Da yawa cikinmu asarar inuwa da itacen girki kawai muke lissafawa. Akwai wata asarar da ta fi wannan, wato ta ma'aikatan da ke yi wa manomi aiki ba tare da ya biya su ko sisi ba. Kudan zuma ne ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan har kaɗanya ta yi 'ya'ya. Jemagu na daga cikin masu yi wa kuka da ɗorawa wannan hidima da dare, don haka matar da ke dafa kalwa ta yi daddawa tana cin moriyar jemage ko ba ta sani ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga Burkina Faso ya nuna cewa auduga da riɗi sun fi yawa da inganci a inda zuma ke kai wa furanninsu ziyara. Rahoton da kwamitin masana na duniya kan halittu, IPBES, ya fitar a 2016 ya ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da ɗan Adam ke ci sun dogara, ko yaya, da irin waɗannan halittu.

Haka abin yake wajen maganin ƙwari. Shamuwa, wadda manomi ke murnar ganinta saboda tana zuwa gab da faɗuwar damina, fara da tsutsa ne abincinta, kuma a kan manyan itatuwan cikin gari take sheƙa. Balbela na bin garma tana tsince abin da aka tono. Mujiya, duk da mummunan zaton da muke yi mata, ɓera take farauta. Bushiya da kwaɗo da hawainiya da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro kowanne da rabon ƙwarin da yake ci. A 2016 tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya, a shekarar ce kuma tsutsar tumatir da manoma ke kira Sharon ta yi wa masu noman rani a Arewa mummunar ɓarna. Waɗannan baƙin ƙwari ne daga nahiyar Amurka, kuma babu mai cewa tsuntsu kaɗai zai kawar da su. To amma gonar da aka kore duk wani mai cin tsutsa daga cikinta ba ta da abin kare kai sai kwalbar magani, ita kuwa kwalbar kullum tsada take ƙarawa.

Za a ce ai gwamnatoci na dashen itatuwa kowace damina. Gaskiya ne, amma me ake dasawa? Galibi dalbejiya ce, wadda asalinta ƙasar Indiya ce, da turare da aka kawo daga Ostireliya. Suna da saurin girma, suna ba da inuwa da katako, ba kuwa za a raina musu ba. Sai dai tsuntsayenmu da ƙwarinmu sun yi dubban shekaru suna rayuwa ne da ɓaure da gamji da ɗinya da kanya da magarya. Ɓaure guda in ya nuna, tun asuba har dare ba ya rabuwa da masu ci. Bayan haka, kowa ya san makomar yawancin dashen biki: a dasa gaban kyamara, rani ya zo, akuya ta gama da shi.

A nan ne ya kamata mu waiwayi 'yan uwanmu na Maraɗi, waɗanda harshenmu ɗaya, abincinmu ɗaya, amma ruwan saman da suke samu bai wuce kusan rabin namu ba. A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a can, dashen kuma na ta mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu na nan da rai a cikin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan, wadda manoman yankin ke kira sassabin zamani, ba ta buƙatar iri ko ban ruwa. Manomi zai zaɓi kututture mai toho, ya bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya datse sauran, ya riƙa yi musu aski lokaci-lokaci. Da yake saiwar tsohuwa ce kuma ta yi nisa a ƙasa, tohon kan yi saurin da dashe ba zai taɓa yi ba.

Da farko an yi wa masu yin haka dariya, ana ce musu ƙazaman manoma. Bayan farin 1984 aka fara karɓar abin, sannan ya riƙa tafiya daga manomi zuwa manomi. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo ne kan gaba a wurare da dama, saboda yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ashe daji ma na ƙasa.

Idan ƙasar da ke bakin hamada ta yi haka, ƙasar Funtuwa, inda Gulbin Sakkwato ya samo asali, ba ta da uzuri. Abin da ake buƙata shi ne koyo, koyon kuma daga ido yake farawa. Manomi ya zagaya gonarsa kafin sharar bana, ya tantance abin da ke tohowa: wannan kalgo ne, wannan gwandar daji, wancan taura, ga ɗan kaɗanya, ga ɗan ɗorawa. Ya sa wa 20 zuwa 40 alama a kowace hekta, ya fi ba da ƙarfi ga waɗanda ke kan iyaka ko kan layin kunya don kada su tare wa garma hanya, ya kuma gargaɗi mai feshi da mai huɗa. Iyakar gona a bar mata taku biyu na gamba da kyasuwa. Gamba na riƙe ƙasa kada ruwa ya tafi da ita, tana ba da zana, tana kuma zama mafakar fakara da ƙwarin da ke cin wasu ƙwarin. A wannan gefen ne tafasa da lalo da yaɗiya da karkashi, waɗanda maganin ciyawa ke neman raba mu da su, za su sami wurin tsira. Bakin rafi da fadama a bar musu itatuwansu. In feshi ya zama dole, a yi shi da yamma lis bayan zuma ta koma amya, a kuma guji lokacin da shuka ke tsakiyar fure. Cinna wa daji wuta don neman gafiya kuwa, asararsa ta ninka naman sau ɗari.

Mazauna gari ma da nasu rabon. A sababbin unguwannin Funtuwa da Malumfashi an mai da shafe tsakar gida da siminti alamar wayewa, sannan a dawo ana kukan zafi da ambaliya. Kusurwa guda da aka bari da ƙasa ta isa a tsayar da magarya ko gwandar daji, a shuka rama da yakuwa da gasaya a gindinta. Manyan itatuwa irin su ceɗiya da durumi da maɗaci, masu saiwar da kan fasa gini, wurinsu ƙofar gida mai fili da harabar makaranta da masallacin Idi da maƙabarta. Kasko guda na ruwa a inuwa cikin watan Afrilu ya isa ya tara tsuntsayen da yaran gidan ba su taɓa gani ba, muddin ana sauya ruwan kullum saboda sauro. Kowace makaranta kuma tana iya ware ɗan fili ta tara itatuwan gida, kowanne da sunansa a allo, a gayyato dattijon manomi ko mai maganin gargajiya ko maharbi ya zama malami na yini guda. Ilimin yana hannun waɗannan dattawa, kuma kullum raguwa suke yi.

Akwai ƙorafe-ƙorafen da bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko inuwa: masara ba ta yin kyau a ƙarƙashin ɗorawa, wannan gaskiya ne. Maganinsa tazara da sassaƙe rassa, sannan a sa kalwa da garin ɗorawa da man kaɗe da itacen girki a cikin lissafin abin da gonar ta bayar. Na biyu maciji. Mutanen Malumfashi sun san wannan fiye da kowa, domin a shekarun 1970 likitoci sun yi dogon bincike a yankin kan cututtukan da suka addabi jama'a, har da saran macizai irin su kumurci. Don haka ciyawa wurinta iyakar gona, nesa da ɗakin kwana, tsakar gida kuma a rabu da tarin shirgi da ɓerayen da ke jawo macijin. Na uku tsaro. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara da suka sha wuya a hannun 'yan bindiga suna da hujjar tsoron duk wani abu mai kama da duhuwa. Amma itatuwa 30 a warwatse cikin hekta guda, waɗanda aka datse rassansu na ƙasa, ba sa ɓoye kowa. Hasali ma, tunda shiga daji neman itace da magani ya zama sayar da rai, samun su a gona kusa da gida ya zama kariya ga mata da yara.

Ƙorafi na huɗu shi ne mafi nauyi, wato mallaka. Wanda ya karɓi hayar gona ta shekara guda ba zai yi renon itacen da wani zai ci ba, haka wanda ke tsoron cewa in itacen ya girma sai ya nemi izinin malamin daji kafin ya taɓa reshensa, ko kuma wani ya zo da dare ya sare. Nijar ta gane haka, shi ya sa a watan Yulin 2020 ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa. Majalisar Dokokin Jihar Katsina na iya yin irin wannan. Hakimai da dagatai da masu unguwanni na iya zaunar da manoma da makiyaya a yi ƙa'idar sassaƙar ganye, su kuma sa sharaɗin barin ƙananan itatuwa cikin yarjejeniyar haya. Hukumar KTARDA da masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru na iya sa sassabin zamani cikin abin da malaman gona ke koyarwa. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa Dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, zai yi abin kirki in ya ɗebi manoman Bakori da Ƙafur da Ɗanja a mota ya kai su ƙauyukan Maraɗi su gani da idonsu, domin gani ya kori ji.

Malamanmu ma suna da abin faɗa a kan mumbari. Ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka yana samun ladan sadaka a kan abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare ta. Abin lura shi ne an ambaci tsuntsu da dabba tare da mutum. Kakanninmu da suka bar ɗorawar da muke ci yau ba su karanta ilimin muhalli a jami'a ba, amma sun san gona ba ta mutum kaɗai ba ce.

Sharar gona na tafe. Kafin a ɗaga adda a kan wannan ɗan tohon da ke gindin kunya, a tsaya a dube shi, a tambayi sunansa. Wataƙila shi ne kaɗanyar da jikokinmu za su tsinci 'ya'yanta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu.