Kaso Biyar Cikin Ɗari: Yadda Masana Zamantakewa Suka Shiga Binciken Ƙwayoyin Gado

A shekarar 1990 ne Amurka ta ƙaddamar da gagarumin shirin tantance ƙwayoyin gadon ɗan Adam, wanda aka kammala a 2003 bayan ya lashe kusan dala biliyan 3. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne, tun daga farko an keɓe wani kaso na kuɗin domin nazarin abin da binciken zai jawo wa jama'a.

Shugaban shirin na farko, James Watson, shi ne ya ware kashi 3 cikin 100 na kasafin don wannan aiki, kana a 1993 majalisar dokokin ƙasar ta ɗaga shi zuwa aƙalla kashi 5. Ta haka masana zamantakewa da lauyoyi suka zauna teburi ɗaya da masana kimiyya.

Akwai dalilin yin hakan. A shekarun 1970, gwajin cutar sikila ya jefa baƙaƙen fata da dama cikin tasku, inda aka hana wasu aiki, wasu kuma aka tsauwala musu kuɗin inshora, alhali lafiyarsu ƙalau, ƙwayar gadon kawai suke ɗauke da ita. Masanin zamantakewa Troy Duster, wanda ya yi nazari a kan illar irin wannan gwaji, ya shiga kwamitin da ke ba shirin shawara, har ma ya shugabance shi daga baya.

Sai dai zaman bai rasa tsamin dangantaka ba. Masu suka na ganin cewa da wuya wanda ke cin abinci daga kasafin shiri ya iya tsage wa masu shirin gaskiya. A 1996 shugabar kwamitin, lauya Lori Andrews, ta yi murabus bisa ƙorafin cewa ba a sakar wa kwamitin mara ba.

Duk da haka, haƙa ta cim ma ruwa. Binciken da aka yi da wannan kaso ya taimaka wajen kafa dokar 2008, wadda ta haramta wa kamfanonin inshorar lafiya da masu ɗaukar ma'aikata nuna wa mutum bambanci saboda ƙwayoyin gadonsa. Dokar dai ba ta shafi inshorar rai ba.