Injiniyan rumbun bayanai: aiki a bainar jama'a, albashi a hannun kamfani

Duk lokacin da ɗan ci-rani ya tura kuɗi gida ta waya, akwai wata manhaja da ke rubuta cewa kuɗin sun fita daga nan, sun shiga can. Ita ce ake kira rumbun bayanai. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, dole ko dai kuɗin su isa gaba ɗaya, ko su koma hannun mai su. Tabbatar da wannan shi ne sana'ar injiniyan rumbun bayanai.

Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji, irin su PostgreSQL da MySQL, buɗaɗɗu ne. Kowa na iya sauke rubutunsu, ya karanta, ya gyara, ya yi amfani da shi kyauta. Injiniyan da sabon kamfani ya ɗauka kan irin wannan aiki yana yini ne a shafuka kamar GitHub, yana duba gyaran da wani baƙo ya aiko daga Brazil ko Indiya, yana bin sawun tangarɗar da ba ta bayyana sai mutum dubu sun shiga lokaci guda. Rubuta sabon abu kaɗan ne a ciki. Mafi yawan lokacin na tafiya wajen karatu, gwaji da gardama. Akwai kuma gadin dare, domin idan rumbun wani abokin ciniki ya tsaya da ƙarfe uku na dare, wayar injiniyan ce za ta yi ƙara.

To amma idan kayan kyauta ne, daga ina albashi ke fitowa? Yawanci kamfanin yana sayar da hidima ne, wato ya ajiye wa mutane rumbun a kan injinansa, ya kula da shi, su biya duk wata. Matsalar ita ce manyan kamfanoni irin su Amazon da Google ma suna iya ɗaukar manhajar su sayar da hidimar, kuma sun fi shi kasuwa nesa ba kusa ba.

Labarin Redis ya nuna inda gizo ke saƙa. Wani ɗan Italiya, Salvatore Sanfilippo, ya fara rubuta ta a 2009 don magance matsalar ƙaramin kamfaninsa. Tana ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, shi ya sa take da sauri matuƙa, kuma duniya ta rungume ta. A watan Maris na 2024, kamfanin da ke riƙe da sunan ya sauya lasisi don hana manyan su ci riba da guminsa. Cikin ƴan kwanaki wasu injiniyoyin da suka daɗe suna aikin suka kwashi rubutun ƙarshe da ke buɗe, suka ci gaba da shi da sunan Valkey ƙarƙashin gidauniyar Linux, da goyon bayan Amazon, Google da Oracle. Kamfanin yana da hujjarsa, sai dai ya yi asarar amanar mutanen da suka taya shi gini ba a biya su ba. A watan Mayu na 2025 ya sake mayar da Redis ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, amma Valkey ta riga ta tsaya da ƙafafunta.

Injiniyan da ke cikin irin wannan kamfani ba shi ke yanke hukuncin lasisi ba. Shugabanni da masu zuba jari ne. Abin da ba a iya ƙwace masa shi ne tarihin aikinsa, domin kowane gyara yana nan da sunansa da kwanan wata, kowa na iya dubawa. Matashin da ke Damagaram ko Yamai, idan ya iya harshen C ko Rust da Turancin aiki, yana iya aika gyara a wannan dandalin, a auna shi da ma'aunin da ake auna na Berlin. Abin da zai fi ba shi wahala shi ne wutar lantarki da tsadar intanet.