Sunan Alarik: asalinsa da yadda za a rubuta shi

Alarik sunan maza ne daga harshen Got, wani reshe na dangin Jamusanci wanda ya daɗe da mutuwa. Kalmomi biyu aka haɗa: ala, watau "duka", da reiks, "mai mulki". Ma'anarsa ke nan "sarkin kowa". Wanda ya yi karatun Faransanci ya san wannan reiks ko bai lura ba, don shi ne a ƙarshen Frédéric, shi ne kuma a farkon Richard.

Alarik na ɗaya, sarkin Wisigot, shi ya ci birnin Rum a shekarar 410, ya rasu cikin shekarar. Na biyu kuwa, sarki Clovis ya kashe shi a yaƙin Vouillé a 507. Daga baya sunan ya yi ƙaranci ƙwarai, har wasan talabijin na Amurka, The Vampire Diaries (2009–2017), ya sake tuna wa iyaye da shi, masu son tsohon suna wanda ba kowa ke da shi ba.

Sai dai masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su kula: Turawa suna rubuta Alaric, alhali harafin c na Hausa shi ne na "ci" da "cuta". Sabon makaranci zai karanta shi a karkace. Alarik ya kamata mu rubuta.