Ɗan ɗan kasuwa da sifiri a lissafi: ina matsalar take?

A Wagadugu, da ranar 1 ga Oktoba ta zo, yaran da suka ci jarrabawar CEP sukan shiga aji na farko na kwaleji, wanda ake kira siziyam. Shekara huɗu ke gabansu: siziyam, sankiyam, katiriyam, turwaziyam, sannan jarrabawar BEPC a watan Yuni. Wanda ya zo daga Nijar ya san tsarin, don kusan ɗaya ne da na Maradi ko Damagaram. Wanda ya taso a Kano ko Kumasi kuwa, shekara uku ya sani, kuma da Turancin Ingilishi.

Mu 'yan Zango mun warwatsu tun da aikin ZACA ya tashi Zangwattin a 2003, wasu suka koma wajen Waga 2000, wasu Nioko. Amma duk inda iyaye biyu suka haɗu, kukan ɗaya ne: yaron da ke ba da canji a shago ba ya kuskure ko dala, sai ga shi da 6 cikin 20 a lissafi. Wai me ke faruwa?

Abu na farko, harshe. Malam da Faransanci yake koyarwa, mu kuma da dala muke ƙirga kuɗi. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka sefa 1,000. Mosawa ma haka suke ƙirga nasu, biyar-biyar. To in malam ya rubuta 750 a allo, kan ɗanka ya riga ya ce dala 150. Ka ga yaron yana raba lamba da biyar a ka ba tare da ya san sunan abin ba. Ƙwaƙwalwa akwai, sai dai ba a nuna masa cewa lissafin shago da na aji uwarsu ɗaya ba. Ga kuma wani tarko ga yaran da aka ɗauko daga Najeriya ko Gana: can ana rubuta biyu da rabi 2.5 da ɗigo, nan 2,5 da waƙafi. Ƙaramin abu ne, amma yana cin maki.

Na biyu, mu san abin da ake koya musu. A siziyam da sankiyam ana yin lambobi masu waƙafi, kason abu kamar rabi da sulusi da rubu'i, kashi cikin ɗari, kewaye da faɗin fili, da lambobin da ke ƙasa da sifiri. Duk waɗannan muna yin su kullum. Ka sari kaya jaka 20 ka sayar jaka 23, ribarka kashi 15 cikin ɗari ke nan. Kana da jaka 5 a aljihu ana bin ka jaka 8, kana ƙasa da sifiri da jaka 3.

A katiriyam ne haruffa ke mamaye allo, nan ne yara da yawa ke karaya. Amma duba: turmi uku na atamfa da kuɗin mota 2,000 sun kama 29,000, nawa ne turmi ɗaya? Kowace hajiya a Rood Woko za ta cire 2,000, ta raba saura uku, ta ce 9,000. Abin da malam zai rubuta 3x + 2000 = 29000 ke nan. A turwaziyam sai ƙa'idar Pitagor da ta Tales su zo. Magini in zai daidaita kusurwar ɗaki yakan auna santimita 60 ta nan, 80 ta can, in tsakaninsu ya ba da 100 kusurwa ta miƙe. Pitagor ke nan, ko da maginin bai taɓa jin sunansa ba.

Na uku, yadda ake ba da maki. Shekara zango uku ce. Kowane zango akwai gwaje-gwajen aji da ake kira dubuwar, sannan babban gwaji, kwampozisiyo. Komai cikin 20 ake aunawa, 10 ita ce mashigi. Sai dai darussa ba nauyinsu ɗaya ba, kowanne da lambar da ake ninka makinsa da ita, kuma lissafi na cikin masu nauyi. Mu ɗauka nauyinsa 5: yaro ya samu 6, ya gaza da maki 4, sau 5, ramin maki 20 ke nan. Ko ya ci 16 a darasi mai nauyi 1, maki 6 kawai ya cike. Shi ya sa za ka ga takardar sakamako da kyawawan lambobi amma a ce yaro ya maimaita aji. A BEPC ma, wanda ya kusa ci aka kira shi zagaye na biyu, Faransanci da lissafi zai sake rubutawa.

Malam kuma yana da abin da yake jira daga gare mu. Yaro ya zo da kaye na darasi da na aiki, da rula, da kwampa, da ekar, da ma'aunin kusurwa. Duka ba su kai kuɗin lemun baƙi na yini ɗaya ba, amma yaron da ba shi da kwampa zaman kallo zai yi. Sannan ba amsa kaɗai ake ba maki ba, har da hanyar da aka bi. Ɗan kasuwa ya saba faɗin jimla kai tsaye, a aji dole ya rubuta mataki-mataki. Kuma wanda bai zo ranar dubuwar ba, babu takardar uzuri, sifiri ke jiransa.

A nan ne laifinmu iyaye yake da yawa. Sallah ta gabato, kasuwa ta buɗe, sai a ce yaro ya tsare shago mako guda. Ko a tafi da yarinya biki Kumasi ana tsakiyar zango. Lissafi kamar gini ne, in ka tsallake jeri ɗaya na bulo, na sama ba zai zauna ba. Dokar ilimi ta 2007 ta wajabta karatu daga shekara 6 zuwa 16, amma doka ba za ta zo shagonka ta ɗauki yaro ba, kai ne za ka sake shi.

Wani zai ce, Alhaji ni ban yi lakwal ba, ta yaya zan taimaka? Ka iya. Kowane dare ka ce ya buɗe kayensa ka ga kwanan watan ranar. Ka sa ya bayyana maka darasin da Hausa, in ya kasa to bai gane ba, gobe ya tambayi malam. Ka ba shi littafin bashin shago ya lissafa maka da sefa da kuma dala. Hajiya ta karɓi waya daga magariba zuwa bayan isha'i. Kuma ka je makaranta da ƙafarka sau ɗaya a zango, kada ka jira sai an kira ka. In za a dawo da yaro daga wata ƙasa, a bari shekara ta ƙare, a taho da takardun sakamakonsa da takardar haihuwa, don sai da ita ake rajistar jarrabawa.

Kakanninmu sun bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja da lissafin ka. Kasuwar yau ta takardar kwastan ce, da canjin sefa zuwa naira da sidi, da kuɗi ta waya. Yaron da ya haɗa lissafin gida da na aji ba mai cutarsa a ciniki. Allah Ya yi wa zuri'a albarka.