Yadda ɗaliban aikin haƙori ke koyon zana hular haƙori a kwamfuta

Idan haƙori ya fashe ko ya ruɓe sosai, likita kan yi masa hula da za ta rufe shi. Hanyar da aka saba ita ce a danna wani kwaɓi mai danƙo a baki don a ɗauki siffar haƙoran, abin da ke tayar wa wasu zuciya, sannan a jira mako ɗaya ko biyu kafin a haɗa hular.

Yanzu makarantu da dama suna koya wa ɗalibai wata hanya. Ana zagaya baki da 'yar kyamara, hoton haƙoran ya fito a kwamfuta ta kowace fuska. A nan ɗalibi zai zana hular, na'ura ta sassaƙe ta daga dunƙulen tangaran, wani lokaci a ranar. An fara yi wa majiyyaci aiki da na'urar CEREC a 1985 a Jami'ar Zurich ta Suwizalan, amma a lokacin abin cike ramin haƙori aka sassaƙa, ba hula ba.

Sai dai har yanzu da hannu ake fere haƙorin, kuma yawu ko jinin dasashi kan ɓoye gefensa a hoto. Idan hular ba ta zauna daram ba, abinci zai riƙa maƙalewa a gindinta, haƙorin ya ruɓe ba a gani. Shi ya sa malami ke duba zanen ɗalibi kafin a sassaƙa. Idan ɗalibi ne ke maka aiki, tambaya ko an duba, haƙƙinka ne.

Bayan an manna hular, idan ka ji ta fi sauran haƙora tudu wajen tauna, ko dasashin wurin yana jini, koma asibiti, kada ka jira wai za ka saba.