Iskar Gas: Nijeriya Ta Fi Aljeriya Da Masar Ajiya, Sun Fi Ta Cin Moriya

MAIKUNKELE, Jihar Neja — Garin Maikunkele, hedkwatar ƙaramar hukumar Bosso, yana kan hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Zungeru, kuma a nan ne filin jirgin saman Minna yake. A watan Maris na shekarar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya buɗe filin bayan an yi masa gyara, a daidai lokacin da gwamnatin jiha ta bayyana aniyarta ta mai da kewayensa wurin sarrafa amfanin gona domin fitarwa ƙasashen waje. Duk ɗan kasuwar da ke tunanin kafa injin casar shinkafa, ko ɗakin sanyi, ko masana'antar man kaɗanya a wannan yanki, akwai tambayar da za ta riga kowace zuwa gabansa: da wane makamashi injin zai yi aiki, kuma nawa zai ci?

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba abin damuwa ba ne a Jihar Neja, tun da a nan ne manyan madatsun ruwan samar da lantarki suke: Kainji mai ƙarfin megawat 760, da Jebba mai 578, da Shiroro mai 600, sa'an nan Zungeru mai 700, wadda aka kammala a shekarar 2023. Sai dai wutar da suke bayarwa tana shiga babban layin ƙasa ne, a gauraya ta da ta sauran tashoshi, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar wannan layi daga tashoshi masu ƙona iskar gas take fitowa. Saboda haka idan gas ya yanke wa tashar Egbin a Legas, mai injin niƙa a Maikunkele zai ji a jikinsa. Wannan ne ya sa ya dace a duba matsayin Nijeriya a harkar iskar gas idan an kwatanta ta da sauran ƙasashe.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Hukumar da ke kula da haƙar man fetur ta Nijeriya, watau NUPRC, ta bayyana cewa a farkon shekarar 2025 ƙasar tana da tabbataccen ajiyar iskar gas da ya ɗara kubik ƙafa tiriliyan 210, kimanin kubik mita tiriliyan 6 ke nan. Babu ƙasar da ta kai ta a nahiyar Afirka. Ƙungiyar OPEC tana ƙiyasta ajiyar Aljeriya a kan kimanin kubik mita tiriliyan 4 da rabi, ita kuwa Masar tata ba ta wuce tiriliyan 2 da 'yan kai ba. A duniya baki ɗaya Rasha ce kan gaba, sai Iran, sai Katar.

Idan aka koma kan abin da ake haƙowa a kai kasuwa, sai jerin ya juye. A shekarar 2023 Aljeriya ta samar da kimanin kubik mita biliyan 100, Masar ta samar da kusan biliyan 57, Nijeriya kuma biliyan 40 da 'yan kai. Amurka, wadda ajiyarta ba ta kai ta Rasha ko Iran ba, ta samar da fiye da biliyan 1,000 a wannan shekara, kuma a cikinta ne ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da gas ta jiragen ruwa.

Tazarar ta fi fitowa fili a wajen amfani na cikin gida. Aljeriya mai mutane kimanin miliyan 46 ta ƙona kusan rabin abin da ta haƙo, watau kowane mutum ɗaya ya tashi da kimanin kubik mita 1,000 a shekara. Rabon mutumin Masar ya haura 500, na Ba'amurke ya haura 2,500. Nijeriya mai mutane fiye da miliyan 220, rabon mutum ɗaya da kyar yake kaiwa 100. Wannan ƙididdiga ita ce ke bayyana dalilin da ya sa mai gidan burodi a Minna yake sayen itace, takwaransa na birnin Aljas kuwa yana murɗa famfon gas.

Aljeriya: bututu kafin komai

An gano babban filin gas na Hassi R'Mel a hamadar Aljeriya a shekarar 1956. A shekarar 1964 aka fara lodin gas zuwa Ingila daga tashar Arzew, wadda ita ce ta farko a duniya da ta riƙa sanyaya iskar gas ta koma ruwa domin sayarwa a ƙetare. A shekarar 1983 aka buɗe bututun da ya ratsa Tunisiya da tekun Bahar Rum zuwa Italiya, a 2011 kuma aka buɗe wani zuwa Sifen kai tsaye. Amma babban abin lura shi ne abin da kamfanin gwamnati na Sonelgaz ya yi a cikin gida: ya shimfiɗa ƙananan bututai gari-gari, unguwa-unguwa, har ya zamana fiye da kashi 60 cikin ɗari na gidajen ƙasar suna samun gas ta bututu, kuma kusan dukkan wutar lantarkin ƙasar daga gas take.

Nijeriya ta bi wata hanya dabam. Man fetur aka zo nema, gas ɗin da ke fitowa tare da shi kuwa aka ɗauke shi tamkar shara, ana cinna masa wuta a bakin rijiya. Dokar shekarar 1979 ta tsayar da watan Janairun 1984 a matsayin ranar daina wannan ƙonawa, amma aka yi ta ɗage wa'adin. Rahotannin Bankin Duniya na 'yan shekarun nan suna sa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza, abin da ya kai tsakanin kubik mita biliyan 5 zuwa 7 a shekara.

Da aka tashi cin moriyar gas ɗin, kasuwar waje aka fi fuskanta. An kafa kamfanin NLNG a shekarar 1989, jirginsa na farko ya bar tsibirin Bonny a watan Oktoban 1999, kuma sassansa shida suna iya sarrafa tan miliyan 22 a shekara. An tsara sashe na bakwai domin ya kai adadin zuwa tan miliyan 30. Akwai kuma bututun Afirka ta Yamma mai tsawon kilomita 678 da ke kai gas Benin da Togo da Gana. Watau gas ɗin Neja Dalta ya isa Takoradi da tashoshin Turai shekaru da dama kafin a kama aikin bututun da zai kai shi Kaduna da Kano.

Masar da Pakistan: darasin buƙata

Ba yawan amfani kaɗai ke sa ƙasa ta zauna lafiya ba. A shekarar 2015 kamfanin Eni na Italiya ya gano filin Zohr a ruwan Masar, aka fara haƙa a ƙarshen 2017, a 2018 kuma ƙasar ta daina sayo gas ta jiragen ruwa. Bayan 'yan shekaru abin da filin ke bayarwa ya fara raguwa, alhali tashoshin lantarki da masana'antun taki da na siminti suna ƙara buɗe baki. A bazarar 2023 aka shiga ɗauke wuta bisa jadawali, a 2024 kuma Masar ta koma sayo gas ta jiragen ruwa da kuɗin musaya.

Labarin Pakistan ya fi kusa da masu harkar sufuri. Ƙasar ta dogara da filin Sui da aka gano a 1952, ta kuma ƙarfafa wa direbobi gwiwa su juya motocinsu zuwa gas, har gidajen sayar da shi suka haura 3,000. Da haƙa ta gaza cim ma buƙata, sai gwamnati ta riƙa rufe gidajen na wasu kwanaki a kowane mako domin gidaje da masana'antu su samu. Waɗanda suka ci bashi suka gina gidajen, su ne suka kwana ciki. A 2015 Pakistan ta fara sayo gas daga waje, a 2022 kuma, da yaƙin Rasha da Yukren ya sa Turawa suka afka kasuwa da farashi mai tsada, jiragen da take sa rai suka karkata zuwa Turai.

Ita Jamus fiye da rabin gas ɗin da ta shigo da shi a 2021 daga Rasha ya fito. Da bututun Nord Stream ya tsaya a 2022, cikin watanni ta buɗe tashar karɓar gas ta jirgin ruwa a Wilhelmshaven. Japan kuwa kusan ba ta da gas nata, amma tun 1969 take sayensa bisa yarjejeniyoyi masu dogon zango daga ƙasashe dabam-dabam. Abin da ya riƙe waɗannan ƙasashe biyu shi ne suna da hanyar karɓa, suna kuma biya a kan lokaci.

Matsalar biya

A nan ne babban rauni yake a kasuwar Nijeriya. Gwamnati ce ke tsayar da farashin gas ɗin da ake sayar wa tashoshin lantarki: dala 2.42 kan kowane ma'auni a 2024, aka sauke shi zuwa dala 2.13 a 2025. Ko wannan farashi mai rahusa ba a cika biyan sa a kan kari ba. A farkon 2024, lokacin da wuta ta yi ƙaranci a faɗin ƙasa, Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya bayyana cewa kamfanonin gas suna bin bashin kimanin dala biliyan 1.3. Mai haƙar gas ɗan kasuwa ne. Idan yana da mai saye a waje da ke biya da dala, da mai saye a gida da ke cewa a dawo gobe, kowa ya san inda zai karkata.

Ta ina gas ke isowa Maikunkele?

A halin da ake ciki gas yana shigowa wannan yanki ne a ɓoye cikin wasu kayayyaki. Na farko wutar lantarki. Na biyu takin yuriya, wanda da iskar gas ake yin sa a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Dangote da ke Legas, wadda aka buɗe a Maris 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Manomin masara da shinkafa a Bosso yana sayen gas ne a buhu ba tare da ya sani ba. Na uku gas ɗin girki na tukunya, wanda wani nau'i ne dabam da ake tacewa daga gas da ɗanyen mai, don haka farashinsa yana bin nasa tafarkin.

Na huɗu shi ne gas ɗin mota da ake matsewa cikin tulun ƙarfe, wanda direbobi ke kira CNG. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta kafa shiri na musamman domin yaɗa shi, gwamnatin Jihar Neja kuma ta sanar da shirin sayen manyan motocin fasinja 200 masu amfani da shi. Kubik mita ɗaya na wannan gas yana yin aikin kusan lita ɗaya ta fetur. Inda babu bututu, sai dai a ɗauko shi da tirela, ko a matse, ko a sanyaya shi ya koma ruwa, wanda hakan ke rage girmansa sau 600. Kowane kilomita da tirelar ta ci daga kudu, a kan farashin yake hawa.

Fatan Arewa ya ta'allaƙa ne a kan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a ranar 30 ga Yuni, 2020, a kan kimanin dala biliyan 2.8. Aikin ya wuce wa'adinsa na farko da shekaru, kuma sai a 2025 kamfanin NNPC ya sanar da cewa an ratsa ƙarƙashin Kogin Kwara, wanda shi ne wuri mafi wuya. Hanyar bututun ta gefen gabashin Jihar Neja ta bi, kusa da iyakarta da Abuja, ba ta Minna ba. Babban bututu tamkar layin dogo ne: garin da ba shi da tasha ko reshe, sai dai ya ji wucewarsa. Kafin gas ya iso Maikunkele da rahusa, sai an samu reshe daga wannan layi, ko aƙalla babbar tashar matse gas a kusa da shi wadda za ta rage wa tirela tafiya. Kamfani ba ya shimfiɗa reshe sai ya ga masu saye da suka sa hannu a takarda, kuma wannan aiki ne da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta jihar za ta iya yi: ta tattara buƙatar masu casar shinkafa da masu sufuri da masu otal wuri guda, ta gabatar da ita da alƙaluma.

Ga wanda ke shirin zuba jari kafin wannan lokaci, tarihin ƙasashen da aka ambata yana nuna abubuwa uku. Ya sayi injin da ke iya aiki da gas da kuma man dizal ko fetur, domin kada yankewar ɗaya ta tsayar da shi. Ya tambayi mai kawo masa gas daga wace tasha yake ɗaukowa, nisanta nawa, kuma wa zai ɗauki asara idan tirela ta makara, a kuma rubuta amsar cikin yarjejeniya. Sa'an nan ya yi lissafin ribarsa da farashin da ya fi na yau tsada, domin rangwamen da gwamnati ke yi wa sabuwar kasuwa bai cika daɗewa ba. Jarin da ya tsaya da ƙafafunsa a kan wannan lissafi, duk ranar da reshen bututu ya iso Minna, ribarsa ƙaruwa za ta yi.